Muryar Biyar Saura Kwata

Stains, 9 ga Fabrairu 2011

Zuwa ga ɗana Hassoumi, a Lyon.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Fatou da yara. Ya sanyin Lyon? Ya aiki? Ya jikin ƙaramin da ka ce haƙori na damun sa? In ka tambayi tawa lafiyar, baya ne kawai, kuma bayan da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar buhunan albasa a kasuwar Rungis yana da haƙƙin ya yi ƙorafi.

Ka san ban shiga lekol, makarantar boko, ba. Saley maƙwabcina na hawa na uku ne ke riƙe da biro, ni ke magana. Na ce masa abin da na faɗa shi zai rubuta, kada ya sa masa suga. Takarda na zaɓa saboda a waya ba ka barin mutum ya ƙare gaisuwa. Kafin in kai ga tambayar yara ka ce sa-ba Baba, sa-ba, wato lafiya lau da Faransanci, kana cikin jirgin metro.

Shekara biyar ke nan da 'yan watanni kuna yanke mini hukunci a kan maganar yayarka, ba wanda ya taɓa zama ya ce, Baba, yaya aka yi? Ko alƙalin ƙauye yana jin ta bakin mutum biyu. Ranar arba'in ɗin mahaifiyarku jirginka ya makara, ka iske taro ya watse, ka ji labari daga baki ɗaya. To ga ɗaya bakin.

Falon nan cike yake da mutanen Damagaram, wasu har kan matakala. An gama addu'a, ana jiran shinkafa. Yaran baƙi suka ishi mutane da guje-guje, sai wata mata ta kunna musu tele a ɗaki don su zauna, ta bar ƙofa a buɗe. Sai ga murya ta fito. Babu wanda bai gane ta ba, don murya ce da suka sani tun tana kawo musu ruwan alwala. Tana tsuwwa, tana ƙyaƙyata dariya, tana waƙa da Faransanci, daga bakin wani zanen yarinya mai gashi ruwan hoda kamar alawar yara. Alhaji Salmanu, wanda muka shigo ƙasar nan a shekara ɗaya, ya tashi ya leƙa, ya dawo ya zauna, ya ce ashe gidan Moutari an samu 'yar kama. Bai ɗaga murya ba. Mutum biyu suka murmusa, sauran suka sunkuyar da kai, kuma sunkuyawar ta fi murmushin ciwo.

Ni abin da na sani, lekol ɗin aikin jinya take zuwa kowace safiya. Babu wanda ya gaya mini ta bari. Mahaifiyarku ta sani, ta tafi da maganar kabari. A gaban mutanen garinmu na ji, ranar da nake karɓar ta'aziyya. Ka sa kanka a wurina, in za ka iya.

Tana shigowa da tiren shayi na ce wannan muryar ba ta gidana ba ce. Iyakar abin da na faɗa ke nan, Allah ne shaida. Ban zage ta ba, ban ce ta fita ba. Ta ajiye tire, ta zuba wa kowa shayi ɗaya bayan ɗaya, har Salmanu. Sannan ta juyo ta ce da ni, da Hausarta ta haihuwar nan, ba ta yi mamaki ba, don shekararta ashirin da shida ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Ta ɗauki jaka ta sauka. Na ɗauka fushin kwana biyu ne.

Abin da ya sa na tayar da maganar yanzu, Salmanu ya rasu ranar Litinin, Allah ya jiƙan sa. Yana kwance a asibiti ya aiko a nema masa gafarata a kan kalmar nan. Na yafe. Shi da ya yi maganar ya tuna da ita har kan gadon mutuwa, ku 'ya'yana kuwa kun ga ban isa a tambaye ni ba.

Ban ce ka ba ni labarinta ba. Na san ta sa ka yi alkawarin ba za ka faɗa mini inda take ba, kuma ba ni zan sa ka karya alkawari ba. Ba na ma bukata. Lafiyarta lau, jiya ma lafiya lau take. Yadda na sani kuwa, ba ruwanka.

Ka gaida Fatou, ka shafa mini kan yara. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Moutari


Stains, 2 ga Maris 2011

Zuwa ga Hassoumi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya gida, ya iyali, ya haƙuri da aiki? Na ji daɗi da ka ce haƙorin yaron ya fito. Mu nan sai godiya. Asansar ɗin gidanmu, na'urar da ke hawa da mutane bene, ta sake tsayawa, hawa biyar nake yi da ƙafa, ina hutawa sau biyu.

Ka kira, ka ce takarda ta iso. Ban ji ka ce komai a kan abin da ke cikinta ba, sai tambaya ɗaya, wai yaya na san jiya yayarka lafiya take. Da na ce na ji ta da kunnena, ka yi shiru har na zaci waya ta katse. Tunda abin ya dame ka, zan faɗa. Saley ya riga ya sani, shi ya sa yake sunne kai yanzu yana rubutu.

Wata huɗu bayan tafiyarta na je wurin mai gasa mini baya. A ɗakin jira akwai tele a sama don yara. Ina zaune sai na ji ta. Na so in tashi, baya ya hana ni. Na zauna har aka gama. Na dubi agogon bango, abin ya fara biyar saura kwata. Washegari ina gida, la'asar ta wuce, na ce bari in gani ko haka ne kullum. Haka ne kuwa. Tun daga ranar ban taɓa fashi ba, sai kwana tara da na yi a asibiti, can ma na roƙi ɗan Aljeriya da ke gadon kusa da ni ya bar mini tashar.

Kada ka zaci wasan ne ya burge ni. Shirme ne na yara. 'Yan mata biyu ne mawaƙa, ɗaya mai gashi ruwan hoda, ita ce yayarka ke yi wa magana, ɗaya mai gashi kamar an tsoma shi a marina, kullum fuskarta a murtuke. Suna yawo gari gari a cikin bus da wani gajeren mutum mai kula da harkarsu, marowaci na ƙin ƙarawa, wanda ko ƙuda ya faɗa masa a miya sai ya tsotse shi kafin ya yar. Kafin a fara akan nuna mata biyu na gaske, 'yan Japan, su yi 'yar raharsu da dariya. Saley ya ce su ne ainihin mawaƙan, a kansu aka yi zanen. Ban san abin da suka yi wa iyayensu ba su ma. Faransancin yana gudu da yawa, rabi ba na kamawa. Ba labarin nake bi ba. Nakan rufe ido in saurara, yadda mahaifiyarku ke kasa kunne a ƙofar ɗakinku kuna ƙanana.

A murya nake gane komai. In ta yi barci sosai, ina ji. In ta gaji, ina ji. Wata rana ta zo da mura, hanci a toshe, tana atishawa, su kuwa masu zanen suka yi wa 'yar tsanar jan hanci don ya dace da halin da take ciki, na ce ai sun kyauta. Ka tuna kwalbar zuma da citta da kanumfari da na aiko maka a 2008, na ce ka ba wanda ke tari? Ka kira kana dariya, ka ce ba mai tari a gidanka. Ba naka ba ne. Na ɗauka kana da wayon da za ka gane. Murar nan sau huɗu tana dawo mata a shekarun nan, iri ɗaya sak. Ƙirjin uwarta ta gado. Ka ce mata ta riƙa rufe wuya in za ta fita, ba sai ka ce daga ni ba.

Akwai kuma abin da Saley ya nuna mini. In an gama, rubutu na wucewa da sauri. Ya ce sunanta na ciki, kuma sunana na biye da nata, yadda ake yi a takardun gida. Ashe kullum ana rubuta Moutari a tele, ban sani ba. Ban ce na ji daɗi ba. Na dai lura ba ta cire shi ba.

Saura maganar suna, tunda da ita ta tafi. Ita ce ta fari, Hassoumi. Mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Mahaifina Allah ya jiƙan sa har ya bar duniya bai taɓa cewa Moutari ba, sai kai wannan, sai yaron nan. Ranar da zan taho Faransa ya raka ni tashar mota, bai dube ni ba, yana ta magana da direba a kan taya. Amma duk garin an san wanda ya fi so, don shi ne wanda ba ya iya ambata. Abin da ake kira a kasuwa shi ne abin da ba shi da nauyi. Kai nakan kira sunanka sau goma a wuni, ka taɓa jin an ce na fi son ka? To na zaci ta san haka. Uwarta ma ba ta kiran sunan, sai ta ce 'yar gidan nan, amma ita uwa tana da hannu da take shafa kai da shi. Ni ban da komai sai shirun, kuma a lekol ɗin nan ba a koya musu karanta shi ba. Wa ya kamata ya gaya mata? Ba dai ni ba. Abin da ake faɗa da baki ba kunya ba ce.

Saley ya ce wannan ya yi kama da neman gafara. Ba shi ba ne. Bayani ne.

A gaida mutanen gida. Na bar ku lafiya.

Mahaifinka,
Moutari


Stains, 28 ga Maris 2011

Hassoumi,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni ma lafiya.

Yau kwana goma sha tara ba ta zo ba. Ranar farko na ce ko an canja lokaci. Na kunna tun azahar na bar shi har magariba. A wurinta sun sa wasu karnuka masu tuƙa mota. Saley ya duba mini littafin tele na mako biyu, layi layi, da gilashinsa, babu. Na sauka na tambayi yaran da ke wasa a farfajiya, suka ce wannan ai tsohon abu ne, ba mai kallon sa.

A shekara biyar ba ta taɓa fashi ba, ko da mura, ko ranar salla. Mutumin da ya zo aiki da hanci a toshe ba ya bari haka kawai. Ko dai sun sallame ta, ko ba ta da lafiya. In sallama ce, ba komai, ɗakinta na nan, na bar shi yadda yake. In ciwo ne, alkawarin da ka yi mata bai kai nan ba.

Na kira ka sau uku, muryar matar nan ta waya ce ke amsawa. Na huɗu Fatou ta ɗauka, ta gaishe ni da ladabi, ta ce kana wajen taro. Da na tambaye ta yayarka, ta ce gara in yi magana da kai. Muryarta ba ta yi mini daɗi ba. Na gaya maka ina gane murya.

Ina jira.

Mahaifinka,
Moutari


Stains, 12 ga Afrilu 2011

Zuwa ga ɗana Hassoumi.

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Fatou da yara. Ba zan tsawaita gaisuwa ba yau, ka ga ni ma na koya.

Da na ga shiru, na ce zan je wurin aikinta da kaina. Saley ya taɓa kwafe sunan gidan da suke yin muryoyin daga rubutun ƙarshe, ya nemo mana adireshi. Ranar Alhamis na sa babbar rigata ta salla, muka shiga Paris, metro biyu da tafiyar ƙafa. Na so mu isa kafin biyar saura kwata, don a ganina in ma an canja mata wasa, lokacin zuwanta ke nan. Ban yi niyyar magana da ita ba. Na ce in tsaya a tsallaken titi in ga ta shiga da ƙafarta, in juya.

Mun tsaya awa ɗaya da rabi. Mutane na shiga suna fita, babu ita. Gwiwar Saley ta gaza, ya zauna a benci. Na haye ni kaɗai.

Wata mata na iske a tebur, Bafaranshiya mai furfura, mai kirki. Na ce ɗiyata nake nema, wadda ke yin muryar mai gashi ruwan hoda. Ta ce wasanni da yawa suke yi, in faɗi sunanta. Na ce ita ce babbar ɗiyata. Ta ce e, amma sunanta fa? Na ce sunana Moutari. Ta duba, ta ce tana bukatar sunan farko. Na waiwaya, Saley na can tsallake yana murza gwiwa. Takardun gida ban zo da su ba.

Na faɗa, Hassoumi. Shekara talatin da ɗaya da raɗa shi, ranar nan ya fara fita daga bakina, kuma a gaban baƙuwa. Ba ta ma ji daidai ba, sai da na maimaita. Ta buga shi a na'ura tana ambatarsa a karkace kamar sunan kaya. Da na san haka zai ƙare, da a falo na faɗe shi, ga mai shi.

Ta ce ta gan ta. Ta ce amma ba ta aiki a nan, rabonta da su tun farkon 2006. Na ce ba zai yiwu ba, watan jiya ma na ji ta. Matar ta dube ni, ta cire gilashi, ta jawo mini kujera. Ta yi mini bayani a hankali kamar yaro. Wai duk wasan, daga farko har ƙarshe, a cikin 'yan watanni aka ɗauki muryoyinsa, aka gama, aka rufe. Abin da tele ke sawa tun lokacin maimaici ne, ya ƙare a koma farko. Yanzu sun daina sawa don ya tsufa. Ba wanda aka sallama.

Na san kaset, ni ba jiya na zo birni ba. Amma abin da ke da lokacinsa kullum kamar labaru, na ɗauka mutum ne ke zuwa ya zauna ya yi, yadda 'yan wasan rediyo ke yi a gida. Na lura labarin na dawowa, sai na ce ai makaɗi ma waƙar da ya yi a bikin jiya ita yake yi a na yau. Na tambayi matar maganar mura. Ta yi tunani, ta ce watakila a cikin labarin ne yarinyar ta kamu da mura, mai muryar ta toshe hanci da hannu. Saley ya ce ya sha so ya gaya mini, ya ga yadda nake zama a gaban tele sai ya kasa. Shi ma na riƙe masa wannan, kuma ya rubuta da hannunsa.

Na nemi adireshinta, matar ta ce doka ba ta ba ta dama ba, kuma wanda ke wurinsu tsoho ne. Ta kawo mini ruwa. Na sha, na yi godiya.

To ka ga inda nake. Na zaci kullum ina da labarinta, shi ya sa na iya riƙe fushina. Mai taurin kai da ya san ɗansa na lafiya, taurin kansa ba ya cin sa komai. Ashe muryar da nake ji ta wadda uwarta ke raye ce, ko ba ta daɗe da rasuwa ba. Dariyar nan tun kafin in yi maganata aka yi ta. Bayan ta sauka matakalar nan da jaka, ban san komai ba. Ban san ko ta yi aure ba, ko ta haihu, ko tana ƙasar nan. Ban san abin da ya sa ka yi shiru a waya ba ranar da na ce na ji ta jiya. Ban san abin da Fatou ta haɗiye ba.

Saley ya yankar mini tikitin jirgin ƙasa na ranar Juma'a, ashirin da biyu ga wata. Zan sauka tashar Part-Dieu ta Lyon ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna. Ba zan zo gidanka ba, ba zan ƙwanƙwasa ƙofar da ba a kira ni ba. Zan zauna a kujerun da ke ƙarƙashin babban allon jirage, da babbar riga fara, ba za ka rasa ni ba. Tikitin komawa ban yanka ba. In ba ka zo Juma'a ba, Asabar ma ina wurin.

Ban ce ka kai ni wurinta ba. In ba ta son ganina, haƙƙinta ne, ni na jawo. Alkawarinka na inda take ne, ka riƙe abinka. Amma ba ta sa ka rantse a kan ko tana numfashi ba, kuma in ta sa ka, alhakin karyawar a wuyana. In labarin mai daɗi ne, ka zo ka faɗa. In ba mai daɗi ba ne, na binne uwarku da hannuna, ban faɗi ba, ka zo ka faɗa. Ka dube ni a ido, ba a waya ba, ba ta bakin matarka ba.

Ɗiyata tana raye? Kai ko ita ko duk wanda ya sani, wani ya zo ya amsa mini.

Wassalam.

Mahaifinku,
Moutari